Jirgin Baba a Bayan Tirela

Tun ranar da aka ga mahaifiyata ta ratsa tsakiyar Yelwa zaune cikin kwalekwale, kwalekwalen kuma a bayan tirela, ban sake yin ɗinki cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta shigo shagona da atamfa, kafin in ce ta ɗaga hannu in auna, sai ta ce, "Rabi, wai da gaske Innarku ta?" Wata har cewa ta yi an gaya mata Inna tana tuƙi da filafili mota na gudu. Allura ta soke ni ba adadi saboda surutu, don haka ga labarin nan na rubuta. Wadda ta sake tambayata takarda zan miƙa mata, in ci gaba da taka kekena.

Babanmu masunci ne a wata tunga ta bakin tafki, ƙasa da Wara. Bara Allah ya yi masa rasuwa, ya bar Inna ita kaɗai da gwiwoyi masu ciwo, a gidan da ambaliyar da muke kira farin ruwa ke leƙowa har bakin ƙofa duk ƙarshen damina. Yayana Umaru, ɗanta na fari, ya daɗe da barin su, ya koma Shanga yana noman shinkafa. Shi da Baba ba su taɓa ɗaga wa juna murya a kan haka ba, amma gaisuwarsu ba ta wuce gaisuwa. Bana ya gina wa Inna ɗaki, ya kira ni a waya ya ce, "Tsuntsu ya hana ni motsi daga hwadama. Ki tahi ki ɗauko ta da kayanta kahin ruwa shi iso. Jirgin kau, a saida shi." Na ce to. Ai faɗa ba wuya.

Motar Wara ƙarama ce, amma direban ya yi imani da Allah ya cusa mu kamar ana ɗura auduga a matashi. Wata tsohuwa ta ba ni ajiyar zakara a cinya, ta yi barcinta har muka isa. Abin da ya fi ɗauke mini hankali a hanyar shi ne matan Kambari masu zuwa kasuwa. Mu a Yelwa kaya a ka ake ɗora su, da gammo. Su kuwa a kafaɗa suke ɗauka, ƙwarya guda cike da dawa, suna tafe suna hira ko tangal-tangal babu. Na gwada da jakata da muka sauka, na kusa karya wuya. Daga Wara ɗan kabu-kabu ya kai ni tunga, ya zubar da ni sau ɗaya a cikin yashi, ya kuma ce laifin zamana ne.

Kafin in taso, maigidana ya haɗa ni da wani abokinsa direban tirela, Malam Ɗanjuma, wanda zai tashi daga Wara washegarin kasuwa ya nufi Shanga ɗaukar shinkafa. Maimakon ya tafi wayam, yakan sayar wa mutane wuri a bayan motar. Ya ce in auna kaya in gaya masa ƙafa nawa nake so. Awo kuwa sana'ata ce. Na zaro tef daga wuya na bi kayan Inna ɗaya bayan ɗaya: gado, akwatuna, randa, turmi, buhunan gero, kwallaye, komar Baba, har da murhun ƙarfe. Na haɗa tsawon wannan da na wancan, na kira shi da alfaharina na ce ƙafa saba'in.

Sai da ya gama dariya tukuna. "Hajiya, tungar duka kunka tasa? Motar ko hamsin ba ta kai ba."

"To kai kac ce in auna."

"Ba kayanki nika aunawa ba, ƙasan mota nika aunawa, daga kai zuwa baya. In kin ce ƙahwa goma, in auna goma in ja zane da gawayi. Daga bangon ga zuwa wancan naki na. Daga ƙasa har inda ƙarhe yat tsaya naki na. Ki jibga abin da kika iya jibgawa."

Nan take na gane. Na ce, "Kamar yadi ke nan. Mai saye ba shi tambayar hwaɗi, an riga an saƙa shi. Tsawo aka yankewa."

"Shi ke nan, kin gama makaranta," in ji shi. Ya ce faɗin motar ƙafa takwas ne, tsayin ƙarfen ya ɗan fi mutum. Ya ƙara da cewa tunda mu ne na ƙarshen sauka, mu za a fara loda wa, can jikin kan mota. A tirela wanda ya riga shiga shi ne ƙarshen fita.

Na sami fili a tsakar gida, na auna ƙafa takwas, na ja layi biyu a yashi da taɓarya, na ce wannan ita ce mota. Aka kwance gado aka jingina shi a tsaye. Ƙananan kwallaye suka shige cikin manya, tsummokara suka shige randa, buhuna suka kwanta ƙasa, akwatuna suka hau kansu. Matan maƙwabta suka kewaye ni suna kallo, wata ta ce ɗiyar marigayi ta zauna birni har ta fara zana ɗaki a ƙasa. Da na gama na auna tsawon tarin, ƙafa goma sha biyu cif. Na kira Ɗanjuma na ce ya riƙe mini sha biyu. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na sha fura ludayi biyu na ƙari.

Duk wannan aikin Inna tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa. Sai da na ajiye waya ta ce, "Jirgi hwa?"

"Yaya ya ce a saida shi, Inna."

"Ya zauna cikinai, da za shi saida shi?"

Na san abin da take nufi, mantawa na yi ko kuma na so in manta. A tungarmu in mai jirgi ya rasu, wurin zamansa na can wutsiya, inda yake riƙe filafili, ba mai zama, ba a kuma aza kaya a kai, sai ɗansa ya zo ya zauna. Daga nan jirgi ya zama nasa, ya yi su da shi ko ya sayar, ba ruwan kowa. Yaya ya zo zaman makoki, ya zauna kan tabarma ya karɓi gaisuwa, amma ko bakin ruwa bai taka ba ya koma Shanga. Shekara guda ke nan jirgin yana ɗaure a gindin wata bishiya, Inna tana zuwa da gwiwoyin nan nata tana kwarfe masa ruwan sama.

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na kawo zancen ruwa da ya riga ya cinye lambun maƙwabta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ku tahi da gadon, ku tahi da randa. Inda jirgin ga yak kwana nan nika kwana. Tunda yayanku bai zo wurinai ba, ni in kai mishi shi." Inna ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko a bayan idonsa. Amma in ta kafe, gara ka roƙi turmi ya matsa da kansa.

Haka muka yi. Muka ɗauki hayar jirgin inji, aka zuba kaya da mu a ciki, aka ɗaure jirgin Baba a baya yana biye da mu wayam har mashayar Wara. Ban gaya wa Ɗanjuma ba, ban gaya wa Yaya ba. Na ce gani ya kori ji.

A Wara mun sauka gidan Hajiya Kulu mai kifi, wadda ta daɗe tana sayen banda a hannun Baba. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi raɗa ana ji a zaure. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar ragon ruwa, kifin ya fi tuwon yawa. Mu a Yelwa yanka ɗaya ake sa wa baƙo, ya yi ta juya shi a kwano don kunya. A can kuwa in ka bar kifi a kwano sai a tambaye ka ko ba ka da lafiya. Ɗakin da ta ba mu a nan take tara kwandunan banda da na ƙananan kifin nan warangi, saboda haka zanen da na kwana da shi har yau kyanwar maƙwabta ba ta daina bibiyarsa a igiya ba. Cikin hira na gane ita ma ta sayi wuri a tirelar, ƙafa bakwai daf da namu, za ta kai kifi Yelwa.

Da hantsi muka isa inda motar take. Bodinta na ƙarafa ne masu tazara, ana hango na ciki. Ɗanjuma yana sama da gawayi a hannu, ya riga ya zana wa kowa iyakarsa. Ya hango majiya ƙarfi sun sungumo jirgi daga mashaya, ya tsaya yana kallo kamar abin bai shafe shi ba, har suka dire shi a gindin motarsa.

"Hajiya, wanga hwa?"

"Kaya na."

Ya karɓi tef ɗina da hannunsa ya ja daga goshi zuwa wutsiya. Ƙafa ashirin da biyu. Ya dube ni, ya dubi sama. "Sha biyu kika ce. Sauran goman, aljihuna za ni sa su? Mota ta ƙare. Bayanki Hajiya Kulu, bayanta Malam Isiyaku har bakin ƙohwa."

Malam Isiyaku malamin makaranta ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Yelwa. Siriri ne mai tabarau, yana tsaye kusa da kujerunsa na kushin da ya lulluɓe da leda, yana kore musu ƙuda.

Ɗanjuma ya ce dabara ɗaya ce, in an gama lodi a kife jirgin a saman kaya kamar murfi, a ɗaure. Inna ta miƙe da sandarta. "A kihe shi? Ruwa bai kihe shi ba, iska ba ta kihe shi ba, sai kai a tudu?" Wani ɗan dako ya yi wasa ya ce akwai zarto a kasuwa. Kallon da Inna ta yi masa ya sa ya tuna yana da aiki a wani wuri. Sai ta zauna a gefen jirgin ta ce a mayar da ita tunga. Raina ya ɓaci ainun, har hawaye suka taru mini, don na san in ta koma, ruwa zai same ta a can.

Sana'a ce ta cece ni. In yadi ya gaza wa tela ba ya zama ya yi kuka, juya shi yake yi, ya yanki hannun riga a inda ya rarake wuya. Na ce ai jirgi ba gungume ba ne, ciki gare shi. A shimfiɗa shi a jikin bango ɗaya, goshinsa ta wajen kan mota. Inda ya ratsa wurina in cika cikinsa da kayana. Inda ya ratsa wurin Hajiya Kulu ta jera kwandunanta a ciki, abin da ya rage mata in ba ta saman kayana ta ɗora, tunda banda ba ta da nauyi. Hajiya Kulu ta tafa hannu. "Jirgin ga shi yak kama rabin kihin da nis saida a duniya. Yau shi ɗauke shi zuwa Yelwa, mi a ciki?"

Sha biyu da bakwai sha tara. Saura ƙafa uku, kuma su ne suka tsallake zanen gawayi suka shiga wurin Malam Isiyaku. Su ne kuma wutsiyar, inda ko tsinke ba za a ɗora ba.

Malam ya gyara tabarau. "Malama, ban ƙi ku ba. In dai za ni sa littattafaina a ciki, ba komi."

"Ba a sa komi nan, Malam."

"Wato ku ci mini wuri, ku kuma bar shi wayam? Kujerata guda ba ta da wurin zama ke nan. Zane zane na. Don mi anka ja shi?"

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce a ɗaure kujerar a saman kayana, ya ce reshen bishiya zai yage ledar. Ɗanjuma ya ce rana tana yi. Ni kuwa bakina ya fara zafi, na kusa gaya masa kujerun ma ba wasu na a zo a gani ba ne. Inna ce ta yafito shi da hannu. Ya je ya durƙusa, don mutum ne mai ladabi duk da taurin kansa, ta gaya masa al'adar a taƙaice, kamar yadda ake gaya wa mutum hanya.

Ya ce, "Inna, shi ɗan naki ya san jirgin na tahe?"

"Bai sani ba."

"In yaƙ ƙi zama hwa?"

"Sai in san ban da wurin zama gidanai."

Malam Isiyaku ya yi ta murza ledar kujera. Can ya ce nasa uban keke ya bari, kuma kafin ya iso gida ƙanensa ya riga ya sayar. Ya miƙe ya ce a ɗaure kujerar a sama, amma shi zai zauna a kanta ya tsare ta daga rassa.

Da aka gama lodi Ɗanjuma ya buɗe wa Inna gidan gaba. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Sai da aka ɗaga ta aka sa ta a tsakiyar jirgi, inda ta saba zama tana kwarfar ruwa in sun fita da Baba, aka kewaye ta da buhuna. Ni na zauna kusa da ita kan akwati. Hajiya Kulu ta cinye gidan gaba ita kaɗai. Malam kuwa yana can ƙololuwa kan kushin, ya ɗaure hularsa da rawani, yana sunkuya wa kowace bishiya.

Hanyar ba ta bar mu mun huta ba. A wani kwari ruwa ya cinye kwalbati, motar ta tsaya tana gurnani cikin laka. Mutanen ƙauyen suka fito da fatanya da duwatsu, da suka hango abin da muka ɗauko sai dariya ta hana su aiki. Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin matafiya masu shiri irin namu ba, sun taho da mota sun kuma taho da abin da za su tsere a ciki. Da muka fita, wani mai buhun gawayi ya roƙi a rage masa hanya. Ya hau ta baya, ya ga wuri fes a wutsiyar jirgi, ya juya zai zauna. Sai muka ji tsawa daga sama. "Kai! Tashi! Ƙahwa ukun ga nawa na, kuma ba mai zama!" Malam Isiyaku ne, da muryar da yake tsawata wa 'yan aji. Mutumin ya yi sauran tafiyarsa a tsaye.

A iyakar ƙasar Ngaski da ta Yauri muka iske masu shinge da katakon ƙusoshi. Sun san abin da za su tambaya a kan kifi, sun san na kujeru, amma jirgi ya ɗaure musu kai. Ɗaya ya leƙo ta tsakanin ƙarafa ya ce, "Inna, ina zuwa da jirgi a tudu?" Ta ce, "Wurin mai shi." Ya jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya janye katakonsa.

A Yelwa aka sauke kifi da kujeru. Malam Isiyaku ya sauko fuska duk jar ƙasa, ledar kujerarsa ta yage gida biyu, bai ko kula ba. Ya je ya yi wa Inna sallama, ya ce in Allah ya sa an zauna, a aiko masa da labari. Da kayansu suka fita sai motar ta zama fili, jirgi ya fito sarari da Inna a ciki, muka ɗaure shi da igiyar koma don kada ya zame. A haka muka ratsa gari ta gaban kasuwa, a haka kuka gan mu. Ba ta riƙe filafili ba, sandarta ce.

Mun isa Shanga bayan la'asar. Yaya Umaru yana tsaye a ƙofar gida da laka har gwiwa, furfura ta fara cin gemunsa. Ya taho da murmushi, ya leƙa, murmushin ya tsaya.

"Rabi, mi nic ce miki?"

"Ka ce in ɗauko ta da kayanta."

Aka sauke gado, aka sauke randa, aka sauke buhuna. Inna ba ta motsa ba. Matar Yaya ta zo ta durƙusa ta yi mata sannu da hanya, ta ce ga ruwan zafi can, ga ɗaki an share. Inna ta amsa gaisuwa da fara'a, ta ci gaba da zamanta. Ɗanjuma ya fara duba rana, don masu shinkafa suna jiransa. Maƙwabta sun taru. Ni kuwa na san halin mutanen biyu, kuma ban auno wurin komawa Wara ba.

Yaya ya daɗe tsaye riƙe da ƙarfen mota. Can ya tuɓe takalmansa na roba, ya kama ya hau. Ya taka a hankali har wutsiyar jirgin. Katakon wurin ya sha zama har ya yi santsi ya lotsa, ga kuma inda filafili ya ci gefen jirgi ya yi rami. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya zauna. Hannunsa na dama ya tafi da kansa ya kwanta cikin ramin nan, sai kawai ya ja hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Rabona da ganin kukan Yaya tun muna yara, ko a zaman makokin Baba bai yi ba. Ni ma na yi nawa, ban ɓoye ba.

Inna ba ta waiwaya ba. Ta ce, "To. Yanzu naka na. In ka so ka saida." Sai ta miƙo mini hannu. "Rabi, kama ni in sauka. Ina ɗakin?"

Na kwana biyu na dawo Yelwa, na aika wa Malam Isiyaku labari kamar yadda ya roƙa. Inna tana can, ta riga ta fara gyara wa matar Yaya yadda ake miyar kifi. Shekaranjiya kuma Yaya ya kira ni. Na ɗauka zancen mai saye zai yi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi ɗinki, sannan ya ce jirgin yana ɗan shan ruwa ta wajen goshi, ko na tuna da wace irin auduga Baba yake toshe shi.